Inda Shanu Suka Taka

Kwanan baya wasu 'yan mata suka zo mini da waya a hannu, suna nuna mini hoton wani otal mai kallon ruwa, wai can za su kai ƙawarsu wuni kafin biki. Sun riga sun zaɓa, ni nawa in kai kujeru da rumfa. Na tambaye su ko akwai wadda ta taka wurin da ƙafarta. Suka dubi juna. Ɗaya ta ce, "Haba Mama, ba ga shi nan a hoto ba?" Ni ba gwanar magana ba ce. Rubutu ya fi mini sauƙi, shi ya sa na zauna na rubuta yadda na koyi wannan aiki.

Ina aji biyar na firamare a Dutsin-Ma aka ba Gwaggo Kande ni, ƙanwar babana, in riƙa taya ta aiki ranakun da babu makaranta. Da can abincin biki take dafawa, tana ba da hayar tabarmi. Sai zamani ya zo da wani sabon abu. 'Yan matan da suka yi makarantar kwana, da masu karatun malanta da na asibiti, suka fara fita da amarya wuni guda, su kaɗai, su ci su sha su yi ƙunshi, su yi ban kwana da ƙuruciya. Su suna ce masa fikinik, mu muna ce masa wunin ƙawaye. Babu uban da zai bar ɗiyarsa ta fita haka sai in akwai babbar mace da ya sani a gaba. Nan Gwaggo ta sami sana'a. Ita ke neman wuri, ita ke shirya shi, ita ke tsaronsa har a tashi.

Ranar farko da na bi ta, a zauren wani dattijo, na ji abin da ake ce mata. Bai tambayi abinci ba, bai tambayi mota ba. Cewa ya yi, "Kande, ga amana nan." Da muka fito ta ce mini, "Zulai, kin ji aikin ke nan. A mayar wa mutum da ɗiyarsa yadda aka ɗauko ta. Sauran duk ado ne."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tabarmin kaba manya, da zana ta kewaye wuri, da itatuwan rumfa, da randa biyu da moɗa, da butoci, da igiya. Sai wata tsohuwar taɓarya ta itacen ƙirya wadda bakinta ya tsage, ba ta daka kuma. Ita ce ba a mantawa. In za mu duba wuri, ni ke ɗauko ta a kafaɗa, yara suna yi mini dariya a hanya, wai ina na baro turmin.

Na tuna wani gida da aka nuna mana a bayan gari, na wani ɗan kasuwa, yana da itatuwan mangwaro da rijiya. Ƙawayen amarya sun mutu a kansa. Gwaggo ba ta dubi mangwaron ba. Makewayi ta fara shiga, ta rufe, ta taɓa sakata. Daga nan ta bi darni tana tafiya a hankali. Ta tsaya a wani wuri ta kira ni. Wata 'yar kafa ce a jikin kara, daidai tsayin idon namiji in ya ɗan sunkuya, gefenta ya yi sumul.

"Mi kika gani?"

Na ce rami.

"Akuya ce ta yi shi?"

Na ce a'a, akuya ba ta kai nan.

"To mu tafi."

Ƙawayen suka yi ta fushi, wata ta ce tsohuwa ta cika tsirfa. Gwaggo ta ce su nemi wata, akwai mata da yawa a gari. Washegari suka dawo.

Haka ake duba wuri. A je da safe a koma da rana, don inuwar safe ba ita ce ta azahar ba. A tsaya a ji daga ina iska take zuwa. Mun taɓa shirya wa wasu 'yan Kurfi wuri mai kyau, ashe bayan tudun masunta ke banda kifi, iska ta juya, kowa ya koma gida mayafinsa yana ƙarni, amarya ta yi kuka har cikin mota. A tambayi wane ne mai gadi, shekarunsa nawa, yana da mata ko babu. A leƙa bayan ɗaki a ga irin kwalaben da ake zubarwa. A ga ko mota za ta iya juyawa in wata ta faɗi. Kuma a zauna shiru na ɗan lokaci, a ji me wurin ke yi in ba kowa.

Da aka tare ruwa a dam, sai kowace amarya ta ce ita bakin ruwa take so. Yawancinsu ba su taɓa ganin ruwa mai faɗin da ido ba ya kai ƙarshensa ba. Akwai masauki ɗaya da Gwaggo ta yarda da shi, na Maman Iliya. Kirista ce daga kudancin Zariya, mijinta ya zo tuƙin babbar mota lokacin aikin dam, ya rasu a nan, ita ta zauna. Ɗakuna ne a jere na bulo da kwano, waɗanda ma'aikata suka tashi suka bari, ta gyara su ta shafa farar ƙasa. Kowane ɗaki yana da ƙofar gaba da ta baya. Ranar wunin ƙawaye ba ta karɓar baƙo namiji, ko ɗanta Iliya sai ya tafi gari. Ta ajiye butoci da tabarmar sallah daban, ba ta bari kowa ya taɓa. Ita da Gwaggo kullum cikin tsiya suke.

"Kande, kin zo da sandar tsafinki?"

"Na zo da ita. In na gama da ƙasa, kanki zan gwada, in ji ko akwai wani abu a ciki."

A nan na ga amfanin taɓarya. Gwaggo za ta bi bakin ruwa tana dukan ƙasa da gindinta. Inda ta yi ƙara dim, taɓarya ta dawo hannu, nan ƙasa ce. Inda ta yi luƙus, ko ƙasa ta yi rawa kamar fatar ganga, nan taɓo ne ya yi ɓawo a sama. Amma kafin ta fara duka, sawun shanu take nema. Gefen hagu na masaukin akwai inda Fulani ke saukar da shanu su sha ruwa. Wurin duk kashin shanu ne da ramukan kofato da ƙuda. Gefen dama kuwa lumui, fes, kamar an share an yayyafa ruwa. Kowace ƙungiyar ƙawaye dama suke nunawa. Gwaggo kullum hagu take kafa rumfa. Mu share kashin, mu cike ramuka da yashi, mu turara wurin.

Ta ce mini, "Saniya ta fi mu nauyi, kuma ba ta son mutuwa. Inda ta taka ta dawo, ɗiyar mutane za ta taka ta dawo. Wancan mai kyan, ki tambayi kanki mi ya sa babu wanda ya ɓata shi."

Shekaru muka yi haka ba a taɓa ko targaɗe ba. Na shiga sakandare ta jeka-ka-dawo, ina zuwa aiki Asabar da Lahadi. Sunan Gwaggo ya kai har Kurfi da ƙauyukanta.

Sai shekarar fari. Damina ta ɗauke gero yana bununi. Gidaje da yawa garin kwaki aka koma, wasu har dusa. Biki ya yi ƙaranci, wanda aka yi ma a taƙaice ake yi, balle a ce wunin ƙawaye. Gwaggo ta sayar da randa ɗaya da rabin itatuwan rumfa. Fulani suka kora abin da ya rage musu suka yi kudu. Ruwan dam ya yi ta ja da baya, har masaukin Maman Iliya, da a da in kin tsaya a ƙofar baya za ki iya jefa dutse cikin ruwa, ya koma yana hango shi can nesa kamar farin zare. Tsakaninsu fili ne na busasshiyar laka, ta daddare, baƙa ƙirin. A tsakiyar filin akwai wani tsohon kwalekwale da ruwa ya gudu ya bari, kwance a gefensa, balbelu suna zama a kai.

Cikin zafin bazarar nan aiki ya zo mana daga Kurfi. Ɗiyar Malam Sada ce, Rabi, ta gama karatun malanta, za ta auri wani ɗan ajinsu mutumin Wurma. Babbar ƙawarta Binta ce ta zo, doguwa mai dariya da ƙarfi. Ta ce sun yi wa juna alkawari tun suna makaranta, duk wadda ta fara aure bakin ruwa za a kai ta.

Gwaggo ta ce, "Ruwan ya tafi, ɗiyata. Ga lambun mangwaro a Kutawa, akwai inuwa."

"Gwaggo, ko daga nesa ne mu gan shi. Rabi ba ta taɓa gani ba."

Muka je muka duba, da safe da kuma rana. Sawun shanu na nan amma tsoho ne, ya tsaya inda ruwa yake a bara. Gaba da nan sai sawun tsuntsu. Gwaggo ta yi ta dukan ƙasa har gumi ya jiƙa mata riga. Inda sawun ƙarshe ya ƙare, ta ja layi da bakin taɓarya, ta ce nan za a kafa zana, babu mai wucewa. Ta ce wa Maman Iliya, ta ce wa Binta. Ta je Kurfi da kanta ta faɗa wa Malam Sada yadda wurin yake. Ya ce, "Tunda ke ce, Kande. Ga amana nan."

Ranar, motar a-kori-kura ta kawo su da hantsi. Rabi ƙarama ce a jiki, fara, ta lulluɓe har fuska. Abin da na lura da shi kawai shi ne tana tafiya tana riƙe da gefen zanen Binta da yatsu biyu. Ba ta tsaya waje ba, kai tsaye aka wuce da ita ɗakin ƙarshe, mai ƙunshi ta bi ta. Wannan ba lallen biki ba ne, na kwalliya ne. Aka ƙunsa mata ƙafafu da ganye da tsumma, aka ƙunsa hannun hagu, na dama aka zura shi cikin zunguru, wato doguwar ƙwaryar nan da ake cika wa lalle a sa hannu har gwiwa a ɗaure bakinta.

Ana cikin yi mata ne Gwaggo ta tara sauran a ƙarƙashin rumfa. Ta nuna musu zana. Ta ɗauki wani babban dutse ta jefa can bayanta. Dutsen ya fasa ɓawon, ya nutse a hankali, baƙin ruwa ya taso ya rufe wurin.

"Kun gani da idonku. Wadda ta wuce zanar nan, ba ruwana da girmanta, taɓaryar nan zan sa mata."

Suka yi dariya, amma sun ji. Amarya ce kaɗai ba ta ji ba. Kuma babu wanda ya ga laifin haka, har da Gwaggo. A al'adarmu amarya a kwanakin nan ba ta da ƙafar kanta. Inda aka kai ta nan take zama, in za ta makewayi ma sai da rakiya. Ba a yi mata jawabi, masu riƙe da ita ake yi wa.

Aka ci shinkafa da wake, abin da hali ya kai ke nan. Aka kunna kaset. Wasu suka hau kan benci suna hangen ruwa suna cewa ashe haka yake ƙyalli. Bayan azahar Gwaggo ta aike ni kicin ɗin Maman Iliya in tace zoɓo. Ina can na ji ƙarar mota, na ji guɗa.

Matan dangin ango ne daga Wurma. An sa kamu washegari a Kurfi, amma wani ya tsegunta musu inda muke, suka ce bari su yi wa ƙawaye ba-zata. Yadda kamu yake, dangin ango su zo da turare su nemi amarya su fesa mata, ƙawaye kuma su ɓoye ta, ba za su fito da ita ba sai an sha ciniki an fanshe ta. Wasa ne, amma kowane ɓangare da gaske yake yinsa. Abin kunya ne a ce an kama amarya a arha.

Wata ta ƙwalla, "Ga su nan! Ku ɓoye ta!" Wuri ya hargitse. 'Yan mata suka watsu cikin ɗakuna, kowace ta ja mayafi ta rufe fuska ta zauna a gefen gado don a ɗauka ita ce. Ƙofofi suka yi ta bugawa. Binta ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

Shugabar masu kamu gwaggon ango ce, Hajiya Indo, mai jiki, da kwalbar turare a hannu.

"To 'yan boko, ku fito mana da amaryarmu."

"Amaryarku? Wa kuka ba ajiya, Hajiya?"

"Ke doguwa, ki yi a hankali, akwai ƙanen ango a gida, ke ma hannuna za ki faɗo."

"In irin motar nan da kuka zo da ita zai zo da ita, ya yi zamansa. Tun daga Wurma muke jin tarinta."

Aka kwashe da dariya. Suka shiga ɗaki ɗaki suna ɗaga mayafai, duk wadda aka buɗe sai a yi ihu a ce ba ita ba ce. Suka duba ƙarƙashin gadaje, suka leƙa randa don tsokana. Binta tana tsammanin mai ƙunshi ce ta ɓoye ta. Mai ƙunshi ta fita wanke hannu, tana tsammanin Binta ce. Gwaggo na zaune bakin rumfa tana murmushi, tana cewa yaran bana sun iya ɓuya. Aka koma ciniki, ana ja ana saki, ana waƙa. An daɗe.

Da na gama tace zoɓo na fita ta baya in zubar da tuƙar. A bakin ƙofar baya ta ɗakin ƙarshe na ga guntun ganye da ɗanyen lalle a jiki. Gaba kaɗan wani. A ƙarshen zana, inda ta haɗu da bango, kara biyu sun karye. Na ɗaga kai. Balbelun da kullum suke kan kwalekwale duk sun tashi, suna kewaya sama ba su sauka.

Na je na ja zanen Gwaggo. Na nuna mata. Ta dubi ganyen, ta dubi tsuntsayen. Ba ta yi salati ba ma. Ta ce, "Tabarmi. Duka."

Ashe Rabi ta ƙofar baya ta fita ita kaɗai don ta ɓuya. Ɓawon lakar ya ɗauke ta har ta kai kwalekwalen, don ba ta da nauyi kuma da sauri ta bi. Amma bayansa, inda take so ta laɓe, inuwar jirgin ta hana rana busar da wurin. Nan ya buɗe da ita.

Muka yi ta shimfiɗa tabarma a kan tabarma, Gwaggo na gaba tana jan ciki, taɓarya a hannunta, ni ina miƙa mata. Kiɗa bai ma tsaya ba sai da Maman Iliya ta fizge wayar kaset. Ita ce ta fara ciro ƙyauren ɗakunanta, tana dukan madogarinsu da gatari, ƙawaye suna ja suna kawowa, muna ɗorawa inda tabarma ta fara nutsewa. Ta tura wata yarinya da gudu ta kira masunta.

Da na zagaya kan jirgin na gan ta. Laka ta kai mata ƙirji. Mayafin yana kanta har yanzu. Hannun hagu ya nutse, na dama da zunguru ta ɗaga shi sama, kamar tana gudun kada lallen ya ɓaci. Ba ta da abin kama komai. Bakinta a buɗe yake amma numfashi kaɗan kaɗan ke fita.

Gwaggo ta kwanta rub da ciki a gabanta, ta gitta taɓarya a kan ƙyaure biyu, ta cusa ta ƙarƙashin hammatarta. Ta fasa zungurun da dutse. Ta ce, "Rabi, ni ce Kande. Kwanta a kan itacen nan. Kada ki motsa ƙafa."

Abin da Rabi ta fara cewa, da wata 'yar murya, shi ne, "Sun tafi?"

Daga baya ta faɗa wa Binta cewa tun laka na gwiwa take jin muryoyinsu, tana jin dariyar Hajiya Indo. Ta ga in ta yi ihu, dangin miji ne za su fara ganinta a haka, kuma za a ce ita ta tona kanta. Ta ce bari ta ɗan jira su tafi. Da ta ga abin ya wuce wasa, laka ta riga ta matse ƙirjin, muryar ba ta fita.

Masunta suka iso da igiya. Wata tsohuwa cikin masu kamu ta ce ai namiji ba zai taɓa amarya ba. Maman Iliya ta juyo, gatari a hannunta, ta ce, "To Iya, bismilla, shiga ki ciro ta." Hajiya Indo ta ce wa tsohuwar ta rufe baki, ta cire mayafinta ta ba masunta su naɗe igiyar kada ta yanke yarinya.

Laka ba ta sakin abin da ta kama da sauƙi. Gwaggo ta yi ta tona gefen jikinta da hannu, kanta yana shiga yana fita, tana tofar da baƙin ruwa. Masunta suna cewa a ja a hankali, mata suna kuka suna cewa a ja da ƙarfi. A jan ƙarshe ƙafar hagu ta fito, ta dama ta tsaya, aka ji ƙas. Sai a lokacin Rabi ta yi ƙara. Zanenta ya zauna a ciki. Gwaggo ta kwance nata ta rufe ta, ta komo baya da ɗan fatari, tana jan ciki.

A motar masu kamu aka kai ta asibiti. Ƙashin ƙugu ne ya goce. Gwaggo ba ta wanke jiki ba, haka ta shiga a-kori-kura zuwa Kurfi, ni ina gefenta. Malam Sada yana zaure. Ta durƙusa daga nesa ta faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ba ta ambaci sunan kowa ba. Ya daɗe yana kallon lakar da ta bushe a hannunta.

"Tana da rai?"

"Tana da rai, Malam."

"To Allah ya isa abin godiya. Amma ba haka na ba ki ita ba, Kande."

"Ba haka ka ba ni ita ba, Malam."

An ɗaura auren bayan watanni, da ta fara takawa da sanda. Angon bai janye ba, ko da yake an yi ta zuga shi, wai 'yan ruwa sun shafe ta. Ɗingishin kuwa bai bar ta ba.

Maganar ta zaga gari kafin mu dawo. Iyaye suka ce an gama wunin ƙawaye. Wasu suka ce dama me ya kai 'ya'yan Musulmi masaukin baƙi. Babu wanda ya ƙara sauka wurin Maman Iliya, ɗakunan ma babu ƙyaure, laka ta riƙe su. Kafin damina, ita ma ta ɗaure kayanta ta koma garinsu. Ranar da za ta tafi ta biyo ta gidanmu, ta tarar da Gwaggo a kwance. Ta ajiye mata butocin nan da tabarmar sallah, ta ce, "Kande, tashi mana ki gwada kan nawa." Gwaggo ta yi dariya, dariyar ta zama tari.

Tarin nan tun ranar ta ɗauko shi. An yi na asibiti an yi na gida. Ruwan farko da ya sauka a shekarar ba ta gan shi ba. Tabarminmu duka suna ƙarƙashin dam. Taɓarya kaɗai wani masunci ya kawo, ya ce ya san ta wace ce.

Shekaru suka wuce kafin a sake fita da amarya a garin nan, kuma da aka fara, ni aka nema, don babu wata da ta san aikin. Abin da na ƙara a kan na Gwaggo biyu ne. Duk abin da zan faɗa wa ƙawaye, sai na shiga na ɗaga mayafin amarya na faɗa mata a kunne, ko da za a ce na yi rashin ta ido. Kuma in masu kamu suka zo, ni ke ɓoye ta, ni ke zama a bakin ƙofar. Su yi cinikinsu har magariba.

Rabi ta yi koyarwa a Kurfi har ta yi ritaya. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Da aka sa ranar autarta, sai ga ta a ƙofar gidana da yarinyar da ƙawayenta. Muka ɗauki mota muka je bakin dam. Ruwa ya cika, an yi sababbin gine-gine. 'Yan matan suka ruga gefen dama suna ɗaukar hoto, wurin lumui, ko sawun kaza babu.

"Umma, nan! Don Allah nan! Can fa duk kashin shanu ne."

Rabi ta fito daga mota a hankali, ta dafa ƙofa, ta daidaita ƙafar dama. Ta dubi taɓaryar da ke kafaɗata, ta kai hannu ta shafa bakin nan da ya tsage.

Ta ce, "Zulai, kai mu inda shanu suka ɓata wurin."